Kwaɗo a Ƙofar Ɗaki Mai Bango Uku

Da aka dawo daga cin abincin rana, Mai Kyamara ya danna maɓalli don ya duba abin da suka ɗauka da safe, sai kyamara ta nuna masa babu katin da take ajiye hoto a ciki. Ya buɗe murfin gefe ya leƙa, ramin wayam. Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando, ya duba ƙasa, sannan ya zauna a bakin gadon fursuna ya dafe kai.

A katin nan fitowar ƙarshe ta shirin take, wadda masu kallo suka yi watanni suna jira. A cikinta ne mugun gandiroban nan yake sace maganin wani fursuna mara lafiya, ya bar shi ya mutu. Ba a kwafe ta ko'ina ba. Ba kuma yadda za a sake ɗauka, domin ɗan wasan da ya fito a fursunan, ana cewa an gama ya sa aka aske masa gemun da ya daɗe yana tarawa, ya hau mota ya kama hanyar wani aikin. Gidan talabijin kuwa na jiran kashin ƙarshe a ƙarshen mako.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ta iso tsohon siton da suke aiki a ciki ta tarar Furodusa ya riga ya gama mata binciken, ya yanke hukunci, saura ɗauri kawai.

"Ranki ya daɗe, ga ɓarawon can," ya ce, yana nuna wani mutum da ke zaune a kan akwatin fitilu cikin kakin gandiroba. "Ki tafi da shi."

Ta san fuskar, wa bai san ta ba? Duk mako ita da mahaifiyarta suke kallon shirin, tsohuwar na jan Allah ya isa tun daga waƙar farko har sunayen ƙarshe. Sunan mutumin na yanka ya daɗe da ɓata, ko a kasuwa Gandiroba ake kiransa, masu kayan miya ma har tsawwala masa kuɗi suke don haushi. Sufeto kanta sai da ta ji gabanta ya ɗan motsa da ta ga ɗaurin makullan nan a ƙugunsa. Amma da ya miƙe ya gaishe ta, sai ta ga wani bawan Allah mai sanyin murya, idanu jajur, yana ta murza hula a hannu. Kunya ta kama ta, ta ɓoye ta da gyaran murya.

"Me ya sa ka ce shi ne?" ta tambayi Furodusa.

"Na ɗaya, tun jiya yake min gardama a kan fitowar nan, wai ta yi muni. Na biyu, bai ci abinci tare da mu ba. Na uku, zo ki gani."

Ya kai ta kurkukun. Abin da take gani a talabijin kamar kabari, ashe katako ne mara kauri aka yi wa fenti, sandunan ƙarfen kuwa bututun roba ne. Ɗakin bango uku gare shi. Inda na huɗu ya kamata ya tsaya fili ne, nan kyamara take shiga da fita, daga nan kuma ana hango teburin da ma'aikata suke cin abinci a ɗaya ƙarshen siton. Ƙofar ɗakin tana bangon baya, tana buɗewa ga wani siririn lungu da aka yi a matsayin barandar kurkuku. An tura sakatarta har ƙarshe, an datse da kwaɗo.

"A buɗe muka bar ta," in ji Furodusa. "Haka fitowar ta ƙare, ƙofa a buɗe, gawa a kan gado. Kuma makulli yana ƙugun mutum ɗaya."

Sufeto ta duƙa ta dubi kwaɗon. Irin wanda ake dannawa ne ya rufe da kansa, ba sai da makulli ba. Ta lura an juya shi ramin makullin na kallon waje, ta kuma lura ƙusoshin da suka riƙe sakatar sun ɗan fito daga katakon, har fenti ya tsage a gefensu. Ta sa yatsa ta taɓa, garin katako sabo ya biyo yatsan.

Ta fara da Mai Kyamara.

"Me ya sa ka bar katin a ciki?"

"Haka muke yi, ranki ya daɗe. In za a ci gaba da ɗauka a wuri ɗaya bayan hutu, ba a taɓa kyamara, ba a taɓa komai. Ko kofi aka matsar, masu kallo sai sun gani. Sai an tashi ake kwafewa."

"Ƙofar fa?"

"Ita ma. Wanda ya taɓa ƙofar nan a bakin aikinsa."

"Ina kake lokacin hutu?"

"A tebur, kusa da Yallaɓai. Shi ya cinye min nama ma."

Furodusa ya ce ba wannan aka tambaye shi ba.

"Nuna min yadda ake cire katin."

Mai Kyamara ya taka ta inda babu bango ya shiga, ya sa babban yatsa ya ɓalle murfin gefe cikin ƙiftawar ido. Sai ya tsaya yana kallon ƙasan kyamarar. Murfin batir a buɗe yake, haka wani ƙaramin murfin roba na wayoyi. Wanda ya ɗauki katin sai da ya buɗe duk abin da ke buɗuwa kafin ya dace. Sufeto ta cire Mai Kyamara daga ranta. Furodusa ma ta cire shi, don duk siton babu wanda asarar ta fi dafawa, ga shi kuma da shaidar nama.

Mai Kwalliya ba ta ci abinci a tebur ba, amma ta nuna kwandon shara cike da gashin gemu, direban da ya ɗauki fursunan kuma ya tabbatar ta waya cewa har bakin mota ta raka ɗan wasan tana goge masa fuska. Da aka ce ta nuna inda take tsayawa in ana ɗauka, ita ma ta fili ta shiga ɗakin, ta fili ta fito.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, labari ya riga ya kai mata ta bakin maƙwabta.

"An ce kina wurin mutumin nan. Ki ɗaure shi tamau, kar ki saurari daɗin bakinsa."

"Inna, ina aiki."

"Ai aikin nake faɗa miki."

Ta kashe wayar ta zauna gaban Gandiroba.

"Ina kake lokacin hutu?"

"Bayan sito."

"Kana me?"

Ya sunkuyar da kai. "Akwai wata kyanwa da ta haihu a ƙarƙashin janareta. Ni nake kai mata abinci."

"Wa ya gan ka?"

"Ita kaɗai."

"An ce ka yi gardama a kan fitowar."

"Na yi. Matata ta daina zuwa kasuwa da ni. Na ce ko a sassauta, a bar mutumin nan da ɗigon imani. Aka ce a'a. Da aka ce a'a kuma na yi ta da gaske, don ban iya rabin aiki ba. Har wata magana na ƙara daga kaina, Yallaɓai ya ce ta fi duk abin da aka rubuta."

"Kai ka rufe ƙofar?"

Kafin ya amsa, wata murya ta fito daga kusurwa.

"Wannan? Ai ko ƙofar gidansu ba ya rufewa. Ba shi ba ne, 'yata."

Wani dattijo ne a kan kujerar roba, sanye da tufafi masu guga, takalmansa na sheƙi. Babu wanda ya ambace shi a cikin waɗanda ke wurin, kamar yadda ba a ambaci kujerar ba. Mai Kwalliya ta raɗa wa Sufeto cewa Baba Saje ne, gandiroban gaske da ya yi ritaya. An ɗauko shi tun farkon shirin ya riƙa koya musu yadda ake abubuwa a gidan yari, yadda ake tsayuwa, yadda ake riƙe makulli. Shi da ɗan wasan sun zama uba da ɗa, kullum tare suke shan shayi, kullum cikin faɗa.

"Tun da aka fara nake fama da shi," in ji Baba Saje. "Na ce masa gandiroba ba ya juya wa buɗaɗɗiyar ƙofa baya. Ya ce to. Gobe ya sake. Sai an yi ta masa ihu daga bayan kyamara."

"Baba, ai na gyaru," in ji Gandiroba.

"Ka gyaru a ina?"

Sufeto ta ce wa ɗan wasan ya nuna mata inda ya tsaya a fitowar safe. Ya miƙe ya nufi ɗakin da ɗingishin nan da kowa ya sani, makullai na kaɗawa, ya ratsa ta inda babu bango ko a jikinsa. Ya tsaya a gefen gado, ya yi ɗan tarin nan na shirin, ya nuna yadda ya zura kwalbar magani a aljihu.

"Wace magana ka ƙara?"

Ya sassauta murya ya dubi gadon. "Kwanta ka huta, ɗana, gari zai waye."

Mutum na sace ran wani yana faɗa masa magana mai taushi haka. Sufeto ta waiga don ta ga ko sauran sun ji abin da ta ji, sai idonta ya faɗa kan Baba Saje. Ya kawar da kai yana kallon bango, ya yi ɗan tari a tafin hannunsa. Tarin da ta ji yanzu-yanzu ne daga bakin wani.

Ta karɓi makulli a wurin Gandiroba ta buɗe kwaɗon, ta bar shi rataye a jikin sakata, ta tura ƙofar ta buɗe kamar yadda aka ce take da safe. Ta zauna a gadon fursuna ta ɗan yi rubuce-rubuce, ta ajiye hularta a kan filo, ta fito. Furodusa na binta yana tambayar ko ta zo da ankwa. Ta ce masa ya tara mata kowa a tebur.

Da suka taru sai ta taɓa kanta.

"Na manta hulata a kan gado. Baba, don Allah, kai ka fi kusa."

Ba shi ya fi kusa ba, amma ba irin mutumin da zai ce wa mai kaki haka ba ne. Ya miƙe. Yana tafiya Sufeto ta ga ɗingishin, ƙafar hagu ce, ainihin wanda aka kwaikwaya. Hular na nan a fili, taku kaɗan ta inda babu bango. Baba Saje bai bi ta nan ba. Ya zagaya ta baya, ya shiga lungun katako, ya bi ta ƙofa, ya ɗauki hular, ya fita ta ƙofa. Ta cikin sandunan roba suka ga ya jawo ƙofar, ya tura sakata har ƙarshe, ya danna kwaɗo, ya juya shi ramin na kallon waje, sannan ya finciko shi don ya tabbatar ya kama. Bangon katakon gaba ɗaya ya girgiza, ƙusa ɗaya ta faɗo ƙasa.

Hannunsa na kan kwaɗon ya tsaya. Ya daɗe a haka kafin ya zagayo, ya miƙa mata hular da hannu biyu.

"Kin iya aikinki," ya ce.

"Ban gane ba," in ji Furodusa.

"Mutanenka duka ta fili suke shiga ɗakin nan," in ji Sufeto, "don su a wurinsu babu bango. Kuma duk sun san in an taɓa ƙofar an ɓata aikin yamma. Kwaɗon ba ya neman makulli kafin ya rufe, saboda haka makullin ƙugu ba hujja ba ce. Wanda ya ɗauki katin bai san kyamara ba, sai da ya buɗe murfi bayan murfi. Amma ya san ƙofa. Ya rufe ta bai ma san ya rufe ba, ya juya kwaɗo yadda mai zagayen duba zai gani, ya ja shi da ƙarfin da ake jan ƙarfe, katako ya kasa ɗauka. Mutum ɗaya ne a nan ya yi rayuwarsa cikin ƙofofin gaske."

Baba Saje ya cire takalmin hagu, ya zaro katin daga cikin safa, nannaɗe da tsumma mai tsabta. Ya ajiye a tebur.

"Ban lalata ba. Na so in jefa a kwata, hannuna ya ƙi. Da kin sa wa yaron nan ankwa ma da na fito da shi, ba zan ga an rufe mara laifi ina zaune ba."

Gandiroba ya dubi katin, ya dubi dattijon, ya ce, "Baba, me ya sa?"

Dattijon bai dube shi ba, Sufeto ya duba, kamar mai ba da rahoto.

"Na gama aikina ban taɓa cin ko sabulun fursuna ba. Yaron nan ya zo ya zauna kusa da ni yana kallona. Ya ɗauki tafiyata, ya ɗauki tarina, ya ɗauki yadda nake kaɗa makulli. Na ji daɗi da farko, na ce ya iya. Sai unguwa ta fara cewa ai labarin Saje ake yi. Na daure, bakin mutane ne. Rannan muna kallo da 'yata, ita kaɗai gare ni tun rasuwar uwarta, sai ta rage murya ta ce, 'Baba, haka kuke yi a can?' Ban iya ba ta amsa ba. Tun daga ranar ba ta ƙara zama kallo da ni ba."

Ya nuna Gandiroba da haɓa.

"Maganar da ya faɗa yau da safe, tawa ce. Ita nake faɗa wa fursuna in zazzaɓi ya kama shi ba likita. Ita nake faɗa wa yarinyar nan tun tana goye in ba ta da lafiya. Ni na ba shi labarin a wurin shayi. In ta ji ta a bakin mutumin da ke sace magani, da tafiyata, da tarina, me ya rage min?"

Mai Kwalliya na share ido da tsumman hoda, ta ɓata fuskarta ba ta sani ba. Sufeto ta ji tausayin dattijon har cikin ƙirjinta, ta kuma ji haushin kanta, don ita ma ta sha yin dariyar ɗingishin nan a gaban talabijin.

Gandiroba ya durƙusa a gabansa.

"Wallahi Baba, don na ga ta yi kyau na ɗauka. Duk abin da na ɗauka a wurinka don ina sonsa ne. Ban yi tunani ba."

"Ai ba ka tunani. Tashi, kana ɓata kaki."

Baba Saje ya juya ya miƙa wa Sufeto hannayensa biyu a haɗe, yadda ya sha ganin ana miƙawa. Ta dubi Furodusa.

"Kai ka kawo ƙara. Kayanka ga shi. Kana ci gaba?"

Furodusa ya sa Mai Kyamara ya gwada katin tukuna, don tausayinsa ba ya gaban lissafinsa. Da hoton ya fito lafiya, ya yi ta gunaguni a kan lokacin da aka ɓata da ƙusar da aka cire, sannan ya ce ya janye. Mai Kyamara ya ce maganar nan ana iya cire ta a wurin tacewa, a bar shiru a gurbinta. Furodusa ya ce ita ce gishirin fitowar. Gandiroba ya miƙe ya ce in ba a cire ba, a nemi wanda zai ƙarasa aikin yamma. Wannan ne karo na farko da Sufeto ta ji muryar shirin a bakinsa ba a gaban kyamara ba. Furodusa ya ce a cire.

"Sauke hannunka, Baba," ta ce.

"An cire ta yau," in ji dattijon. "Waɗanda 'yata ta riga ta gani fa?"

Wannan ba ya cikin aikin 'yan sanda, Sufeto ta sani. Duk da haka, da aka tashi da yamma, ita ta ɗauke su a motarta zuwa gidan Baba Saje, dattijon a gaba, ɗan wasan a baya ya canja tufafi. A hanya Baba Saje ya ce in yarinyar ta ga wannan fuskar a ƙofa ba za ta buɗe ba. Gandiroba ya ce to zai faɗa mata gaskiyar daga waje.

Ta buɗe. Matashiya ce da rigar aikin asibiti, da alama shigowarta ke nan. Ta dubi mahaifinta, ta dubi kakin Sufeto, ta dubi fuskar da ke bayansu, hannunta ya ƙanƙame ƙofar.

"Baba, me ya faru?"

"Na yi sata yau," ya ce. "Ga hukuma, za ta faɗa miki."

"Ya ɗauki abu, ya mayar, an yafe," in ji Sufeto. "Saboda ke ya ɗauka. Sauran bayanin na wannan ne."

Gandiroba ya matso, ya rasa inda zai sa hannayensa.

"Ƙanwata, ni ne ɓarawon. Na saci tafiyar mahaifinki, na saci tarinsa, na saci yadda yake riƙe makulli. Mugun halin kuwa na nema a wurinsa wata da watanni ban samu ko kaɗan ba. Sai a takarda aka rubuto min."

Ta daɗe tana kallon mahaifinta.

"Me ya sa ba ka amsa min ba ranar?"

"Ban zaci za ki tambaya ba."

Ta saki ƙofar ta kama hannunsa da hannayenta biyu, ta sunkuyar da kai a kansa, kafaɗunta na girgiza. Dattijon ya ɗora ɗaya hannun a kanta yana cewa ya isa, ya isa, baƙi na kallo. Da ta ɗago, ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi Gandiroba sama da ƙasa.

"Ku shigo," ta ce. "Kai ma."